Na'urar ji ko makarantar kurame? Ku ba ni shawara kan ɗiyata

Maman Rabi, Garin Malam: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta 7. Sanƙarau ya kama ta tana da shekara 4, Allah ya tashi kafaɗunta amma jin ya tafi. Bakinta ya riga ya buɗe kafin ciwon, har yanzu tana magana, sai dai kalmomin sun fara karkacewa. Likita ya auna, ya ce kunnen hagu da sauran ji. Tana CI, wato ajin farko, a lakwal ɗin unguwa, duk abin da ke allo tana kwafewa tsaf, amma in ka nuna mata "ba" ka ce ta karanta, sai ta tsaya kallon bakinka. Babanta ya ce a sayi na'urar ji ta zauna inda take. Ni hankalina ya fi kwanciya da makarantar kurame, amma ina tsoron in ta kama maganar hannu bakin ya rufe, karatun ma ya gagara, tunda da sauti ake haɗa baƙi. Wanda ya taɓa gani ya taimake ni.

Hajiya ta Birni: Ki yi haƙuri ɗiyata, wasu yaran nauyin baki gare su. Jikana sai da ya shekara 5 ya yi magana.

Maman Rabi: Hajiya, tana magana. Ji ne babu.

Baban Sani: Kada ki bari a yi muku abin da aka yi mini. Bijimina na sayar, na ba wani mutum jika 180 ya kawo na'ura. Ba a auna yaron ba, ba a ɗauki girman kunnensa ba. Ana saka masa sai ta dinga fito, ya fizge ya jefar yana kuka, ni kuma in yi ta dukansa ina cewa taurin kai ne. Ga pil ɗinta ƴan ƙanana, ba kowane shago ake samu ba. Hunturu na shigowa ƙura ta toshe ta, aka kai gyara, har yau ba ta dawo ba. Shekara 2 yaron nan yana bencin baya, ba wanda ya san yana ajin.

Ɗan Zango: Jika 180? Na ga irinta a kasuwa jika 25.

Madam Zara: Waccan ƙara kawai take ƙarawa, har da kukan babur. Ta ƙanena a Yamai aka auna aka daidaita, ta haura jika 400.

Mushe Laminu: Maman Rabi, ni CI nake koyarwa. Muna cewa b da a, "ba", yaro ya ji ya haɗa. Wanda ba ya ji leɓe yake kallo, leɓe kuma ba ya nuna komai da komai. Ki tsaya gaban madubi ki ce "baba" da "mama" ba murya, ki gani ko za ki bambance. Haka b da ɓ. Su k, ƙ da g kuwa can ciki suke fitowa. Faransanci ya fi wuya: o, au, eau duk sauti guda. Akwai dabarar da Orin Cornett ya fito da ita a Amurka a 1966, a Faransa ana ce mata LPC: mai magana yana yin siffofin hannu 8 kusa da fuska don raba sautukan da suka yi kama a leɓe. Rabi kuma ta ji magana shekara 4, sautukan suna cikin kanta. A yi hanzari kafin su dushe.

Isuhu tela: Ni kurma ne tun haihuwa. Ban taɓa jin "ba" ba, ga shi ina karanta ku. Da yatsu na koyi haruffa, malami ya nuna kalma, ya yi alamarta, ya nuna abin. Hannu bai rufe bakin kowa ba. Abokaina da suka kurmance da girmansu suna yin duka biyun.

Baban Sani: Isuhu, kai ba ka haihu ba tukuna, ba ka san zafin ba.

Madam Zara: Haba Baban Sani! Duk cikinmu shi kaɗai ya zauna a wannan bencin.

Ɗalibar jami'a: Maganar Isuhu na da tushe. A 2011 Rachel Mayberry da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi kan karatun kurame. Sanin sauti ya ɗauki kusan kashi 11 cikin 100 na bambancin iya karatunsu, ƙwarewa a harshe kuwa kashi 35. Ke nan yaro ya samu cikakken harshe tukuna, na baki ko na hannu.

Mushe Laminu: Wane harshen? A gida Hausa, a takarda Faransanci, hannun makaranta kuma asalinsa na Amurka ne, tun makarantun kurame da wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya buɗe a Afirka daga 1957. Ba shi ne maganar hannun da ake yi a unguwa ba. In uwa ba ta koya ba, da wa yarinyar za ta yi hira da dare?

Ɗan Zango: In akwai na'urar da ke sa maigida ya ji maganar kuɗin cefane, Madam Zara za ta sayi biyu.

Baban Sani: Ku kuna dariya. Sanin nawa yanzu shekararsa 13, sunansa kaɗai yake rubutawa.

Maman Rabi: Allah ya buɗa masa, Baba. To ana iya haɗa biyun, na'urar da makarantar?

Maman ƴan biyu: Ki fara lissafin kuɗin kabu-kabu safe da rana, shi ya fi ƙarfina. Kuma masu baburan nan! Oda kawai suke dannawa, yaron da ba ya ji fa? Ɗana aka ture a bakin titi, mai babur ya sauko yana zagi wai me ya sa bai kauce ba. Da aka ce masa kurma ne, sai ya ce a daina sakin bebe a hanya.

Isuhu tela: Ni ma an buge ni ta baya, har yau gwiwar na ciwo in na daɗe kan keken ɗinki.

Hajiya ta Birni: Ai yanzu tsallaka titin kasuwa ko mai kunne sai ya yi addu'a. Yara ƙanana ake ba babur.