Murhun gashi na tangaran: wutata ta ƙi tsayawa a digiri 110

Abban Hanifa, Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan nake nema. Ƙanina ne ya aiko min da murhun gashi daga Dubai, irin na tangaran ɗin nan mai siffar ƙwai da ake kira kamado. Tsire da kaza ba sa ba ni wahala, wuta ce mai ƙarfi, nan da nan an gama. Gashin a hankali ne ya gagare ni.

Ranar Asabar na sayo kafaɗar rago, niyyata ta zauna a digiri 110 tun daga Azahar har bayan Isha'i. Na cika gawayi, na yi ta fifita shi har ya kama ko'ina ya yi jajir, sannan na rufe. Kafin in gama shafa wa naman yaji allurar ma'aunin zafi ta wuce 200. Na toshe kafofin iskar duka biyun, ta sama da ta ƙasa, na zauna jira. Har aka kira La'asar ba ta sauko ƙasa da 150 ba. Da ta tashi saukowa kuma sai ta zarce, wajen Magariba na ɗaga murfi na tarar wuta ta mutu murus. Naman ya bushe ta waje, ciki kuwa tauri kamar ƙirgi. Maman Hanifa ce ta yanyanka shi ta ƙarasa a tukunya.

Abin ya tsaya min a rai, domin nan da mako biyu surukaina za su zo daga Gumel, kuma da wannan gashin nake son in karrama su. A ina nake kuskure?

Injiniya, Kabuga:

Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Tun wajen fifitar nan aka yi ɓarnar. Kai ka hura shi irin na tukuba, alhali wannan tulu ne, abin da ya sha shi yake riƙewa. Jikinsa yumɓu ne mai kauri, idan ya ɗauki zafin 200 to ko ka kashe wutar gaba ɗaya sai ya yi awanni yana mayar maka da shi. Allurar da ka ga tana nuna 150 bayan La'asar zafin bango take karantawa, wutar kuwa tun tuni ka shaƙe ta.

Ga yadda nake yi da nawa, shekara huɗu ke nan. Ina kwashe tokar jiya tas, in tabbatar ramukan farantin da gawayi ke zama a kai a buɗe suke. Manyan gawayi a ƙasa, matsakaita a sama. Wuri ɗaya tak nake kunnawa, a tsakiya, garwashin da bai fi girman lemon tsami ba. In bar murfi a buɗe kamar minti goma, sannan in ɗora farantin tangaran mai tare harshen wuta da ragar gashin, in rufe. Da allura ta kai 80 zuwa 85 sai in fara rage iska, ba na jira ta kai inda nake so. Kafar ƙasa in bar ta kamar kaurin fensir, ta sama kuma ƙasa da haka, yadda hayaƙi zai riƙa zirarowa siriri. Daga nan ita da kanta za ta rarrafa zuwa 110.

Sai abin da ya fi wuya: ka cire hannunka. Duk taɓawar da ka yi wa kafar iska, ka ba ta minti goma sha biyar kafin ka yanke hukunci. Kuma idan ta zauna a 120 ka ƙyale ta, naman ba zai san bambanci ba. Ni ba na ɗora nama sai zafin ya yi kusan minti arba'in bai motsa ba. Da ka ɗora shi allura za ta faɗi, sanyin naman ne, kada ka buɗe mata iska.

Baba Mai Balangu, Fagge:

Yaro, ni ban taɓa aiki da irin murhunku ba, amma gawayi na san shi. Wanda ake ƙullawa a leda a bakin titi rabinsa gari ne, ya toshe iska ya kashe wuta. Ka nemi na ƙirya ko na marke. Ka ɗauki biyu ka gwara, in ka ji ƙara kamar ƙarfe shi ne, in ka ji buf ka ajiye. Na ƙirya maƙera ke nema saboda daɗewarsa. Kuma kada kananzir ya kusanci abin nan, yumɓu yana shan wari.

Hajiya Umma, Nassarawa:

Abban Hanifa, ƙari a kan na Injiniya. Yanzu hunturu ne, iskar nan in ta samu kafar ƙasa tana fuskantarta to mafici ka ba wutar. Nawa sai da na juya shi ya kalli katanga sannan ya nutsu. Amma dai a tsakar gida, kada sanyi ya sa a shigar da shi kicin ko gareji, iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Ka kuma duba abu biyu. Ka saka takarda a bakin murfin ka rufe ka ja, ka zagaya da ita ko'ina. Inda ta zare ba turjiya, iska na shiga ta nan, sai a gyara zaman murfin ko a sauya ƙyallen bakin. Sannan ka zare ma'aunin zafin ka tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa. A nan Kano wajen 98 ya kamata ya nuna. Nawa na farko 85 yake nunawa, na daɗe ina zargin gawayi.

In naman ya kai wajen 70 a cikinsa zafin zai tsaya cak, wani lokaci fiye da awa guda. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi. Kada ka ƙara wuta. Sai ya haura 90 ƙashin zai zare da kansa.

Abban Hanifa, Hotoro:

Allah Ya saka muku da alheri. Jiya Lahadi na gwada ba nama. Baba, na samo na ƙirya, na gwara na ji ƙarar da ka faɗa. Na kunna wuri ɗaya bayan sallar Asuba, na rage iska a 85, na juya shi ya kalli katanga. Ƙarfe takwas ya zauna a 115, kuma har La'asar bai wuce 120 ba. Da na toshe shi ya huce na duba, fiye da rabin gawayin na nan. Hajiya, takardar ta zare ta gefen hagu kusa da maratayin murfin, yau zan kwance in daidaita. Injiniya, kafaɗa mai kilo biyu da rabi, ƙarfe nawa zan ɗora ta in ina son a ci bayan Magariba?