Bindigar Sauer ta Suhl bayan Yaƙin Duniya na Biyu: ta asali ce ko jabu?

Ɗan Hamburg: Salamu alaikum. Maƙwabcina Bajamushe ya gaji bindigar farauta mai baki uku, wadda suke kira Drilling. An rubuta J.P. Sauer & Sohn, Suhl, wato sunan kamfanin da garin da aka ƙera ta, kuma a ƙarƙashin bakunan an buga 358. Wani dillali ya ce masa jabu ce, wai duk Sauer da ta fito daga Suhl bayan 1945 ba ta gidan ba ce. Me kuka gani?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Gidan Sauer yana danganta kafuwarsa da 1751 a Suhl. Da yaƙi ya ƙare, garin ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, aka ƙwace masana'antar, ta koma ta gwamnatin Jamus ta Gabas. A 1951 aka sake kafa kamfanin a Eckernförde, can Jamus ta Yamma. Lambar 358 na nufin an gwada ta a watan Maris 1958, lokacin da masu sunan sun riga sun tashi. Suna kawai ya rage.

Maƙeri: Malam, a gafarce ni, nan ban yarda ba. Masu gida suka tashi, maƙera ba su tashi ba. Hannun da ya haɗa baki uku ya daidaita su kafin yaƙi, shi ne dai a kan aikin a 1958. Kuma aikin nan ba wasa ba ne: a sa baki biyu na sama da na ƙasa duk su kai wuri guda, sai wanda ya shekara yana yi. Jabu ita ce wadda aka ƙera a wani lungu aka manna mata sunan wani. Wannan kuwa a Suhl aka yi ta, hukumar gwajin bindigogi ta garin ta buga mata hatimi.

Malamin Tarihi: To ai kuɗinta a kasuwar masu tarawa bai kai na kafin yaƙi ba.

Maƙeri: Tsada daban, nagarta daban, Malam.

Sarkin Baka: Ku dakata, 'ya'yana. Ni abin da ya dame ni ba wane ne ya gaji suna ba. Tsofaffin bindigogin Jamus da yawa tsawon mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin yau kuwa galibi 70 ne. Kada ya kuskura ya ɗura mata komai sai gwani ya auna, ya leƙa cikin bakunan ko tsatsa ta ci, ya girgiza ya ji ko mahaɗar ta yi sako-sako.

Ɗan Hamburg: Na gode, Baba. Akwai 70 a gefe, kusa da 16.

Maƙeri: Madalla, 16 girman bakin ke nan, 70 kuma tsawon mazaunin. Yallaɓai, turo mana hoton wurin hatiman da haske sosai, ina son ganin girman harsashin bakin ƙasa.

Ɗan Hamburg: Sai ya dawo daga aiki, a akwatin ƙarfe take kulle.