Uba da 'yarsa a dajin Falgore: mai karatu zai yarda da labarin?

Marubuciya daga Gwale:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani magidanci da matarsa ta rasu, ambaliya kuma ta rushe gidan da yake haya, sai ya ɗauki 'yarsa mai shekara tara suka koma dajin Falgore da zama. Shin mai karatu zai yarda mutum ya bar birnin Kano, inda ko baƙo ba ya rasa zauren kwana, ya zaɓi daji?

Malamin Hausa daga Fagge:
Wa'alaikumus salam, Malama. A ganina nauyin littafin duka yana kan wannan tambaya. Idan uwa ta rasu a nan, kafin a yi sadakar arba'in kaka ko goggo ta karɓi riƙon yarinya, kuma talauci kaɗai ba ya kai mutum daji, iyakarsa ya kai shi tasha ko ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa. Dole ki nuna abin da ya tsinke zumunci, ko rigimar gado, ko bashin da kunyarsa ta hana shi haɗa ido da dangi, ko tsoron a raba shi da 'yar.

Dattijo daga Tudun Wada:
'Yata, kada ki rubuta Falgore tamkar babu kowa a cikinsa, domin akwai makiyaya da mafarauta da masu saran itace, ga fargabar ɓarayin shanu, kuma ranar da wata Bafulatana mai tallar nono ta ga yarinyar, za ta tambaye ta ina innarta. Ki kula da lokacin kowane abinci: magarya da kuka sai rani, tafasa da ɗinya kuwa na damina ne. Ruwa ba zai yi musu wuya ba tunda kogin Kano ya ratsa dajin, amma sauro da zazzaɓin damina sun fi yunwa barazana ga ƙaramar yarinya.

Uwa daga Dala:
Malama, ni yarinyar ce ta tsaya mini a rai. Wa zai yi mata kitso, wa zai biya mata allo, kuma wa za ta faɗa wa idan ta fara girma? Ina roƙonki ki bar ta ta ba da labarin da bakinta, har da ranar da za ta ce wa mahaifinta ita makaranta take so ta koma.