Waɗanda suka haɗa tankin shiru a gida, yaya kuka ƙare da shi?

Baban Yara, Samaru

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na haɗa nawa a ɗakin ajiya na bayan gida, kuma ina son jin yadda sauran 'yan'uwa suka yi da nasu kafin hunturu ya kankama. Ga wanda bai san abin ba: kwami ne mai murfi, ba haske ba ƙara, da ruwa mai kauri na gishirin Epsom (wani gishirin magani ne, ba na miya ba) wanda zai ɗauke ka ka kwanta rigingine ba ka nutse ba. Wani likita ɗan Amurka, John Lilly, shi ya fara shi a 1954, yana son ya ga abin da ƙwaƙwalwa za ta yi idan aka yanke mata ji da gani.

Ni da tamfol irin na masu kiwon kifi na yi, kafinta ya buga mini firam na katako, tsawo mita 2.4, faɗi mita 1.2. Zurfin ruwan santimita 25 kawai. Gishirin ne ya ci kuɗi, kusan kilo 400, wato buhu takwas na kilo 50. Ranar farko na yi minti 20 ina jin bugun zuciyata kamar ana daka a maƙwabta, wuyana a sandare don ban yarda ruwan zai riƙe kaina ba. Sai a shiga ta uku na sake jiki. Wallahi tun da na fara aiki ban taɓa samun hutu irin na wannan awa ɗayar ba. Matsalata ɗaya: ruwan yana hucewa kafin in fito.

Injiniya, Hanwa

Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar sanyi, da me kake ɗuma ruwan? In hitar nan ce ta guga mai zobe, don Allah ka cire ta yau, kada ta kwana. Ruwan gishiri ya fi ruwan famfo ɗaukar wuta nesa ba kusa ba. Ni ganau ne. Na sa hannu in ji ɗumi, hita na ciki, wuta ta fizge ni har kafaɗa, na yini hannun yana rawa. Da jikina gaba ɗaya ke ciki, da yanzu wani zancen ake.

Abin da nake yi yanzu: in ɗuma ruwan ya kai digiri 35, daidai da ɗumin fata, don a nan ne kake daina bambance inda jikinka ya ƙare da inda ruwa ya fara. Sannan in zare komai daga soket, ba kashe makunni kaɗai ba, kafin in sa ƙafa. Maganin hucewa kuwa rufi ne. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, na bi masu sayar da kayan wuta a Sabon Gari na tara, na liƙe gefe da ƙasa da murfi. Lita 700 ba ta saurin hucewa in ta sami bargo. Kuma kada kowa ya ɗora wannan abu a bene ba tare da ya tambayi magini ba, nauyinsa ya doshi tan guda.

Baban Yara, Samaru

Ita ce kuwa, Injiniya. Na cire. Allah ya saka da alheri.

Mai Walda, Sabon Gari

Ni kuskurena ƙarfe. Sana'ata ce, sai na ce me zai kai ni wurin kafinta. Wata guda bai cika ba tsatsa ta cinye maƙalan murfin, jan ruwa yana ɗiga cikin tankin. Na koma katako da roba.

Abu na biyu da ba wanda ya gaya mini: gishirin nan in yana narkewa sanyaya ruwa yake yi. Na juye buhu huɗu a tashi ɗaya, ruwan ya yi ƙarara kamar na randa, gishirin ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. Kwana uku ina dama shi da muciya ina ƙara ruwan zafi. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Kuma in aka ɗauke wuta kwana biyu cikin sanyi, yana komawa ya daskare a cikin bututu ya toshe injin tace ruwan.

Maman Biyu, Tudun Wada

Ni ban gina ba, na maigidana nake shiga in yara sun tafi Islamiyya. Yaya Baban Yara, ka faɗa wa Hajiyarka tun wuri: kada ta shiga da sabon kitso, kada ta shiga ranar da ta yi yankan farce ko ta ƙone a murhu. Ɗan yankan wuƙa da na yi wajen yanka albasa, wanda ma na manta da shi, sai da ya fitar da ni cikin minti biyar. Yanzu ina shafa basilin a duk inda fata ta buɗe. Maza kuma ban da aski a ranar. Ina ajiye gorar ruwan daɗi da ɗan tawul a ciki, don in ɗigo ɗaya ya shiga ido, kuma ka kai hannu ka murza, ka ƙara wa kanka ne.

Amma abin da na samu a ciki ya fi wannan wahalar. Gidanmu gidan yawa ne. Daga asuba zuwa bayan isha'i akwai mai kiran sunana. Ran da na fara kwanciya cikin duhun nan, ba na jin nauyin ƙafafuna, ba mai cewa Mama, sai kawai na ji hawaye na bin gefen fuskata, ba don wani ɓacin rai ba. Na yi ta istigfari a zuci har numfashina ya daidaita. Kakana yakan shiga halwa, muna yara muna mamakin me mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki. Ban ce wannan halwa ce ba, amma na ɗan fahimci abin da shiru ke yi wa zuciya.

Lokaci yana ɓacewa a ciki, wannan a kiyaye. Sau ɗaya na ɗauka minti 30 na yi, ashe la'asar ta wuce. Yanzu ƙanwata ke ƙwanƙwasa mini.

Ma'aikaciyar Jinya, Gyallesu

Ƙwanƙwasawar nan da Maman Biyu ta ambata ita ce ta kawo ni. Ɗan'uwana ya toshe kowace kafa ta nasa don kada haske ya shiga, har da tsumma a bakin murfi. Ya fito da ciwon kai da jiri, yana cewa gishirin ne. Ba gishiri ba ne, iskar da ya fitar ce yake sake shaƙa. Muka huda kafa biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, muka sa lanƙwasasshen bututu baƙi, iska na wucewa haske ba ya shiga. Ciwon kan bai dawo ba. Murfin kuma ya zama wanda za a ture da hannu ɗaya daga ciki, ba sakata ba kwaɗo. In an fito kuwa, ɗakin ne za a kulle, saboda yara.

Mai farfaɗiya kada ya shiga. Mai ciwon koda, da mai ciki, da mai fama da taɓin hankali, su fara ganin likita. Wanda ya sha maganin barci ya haƙura ranar. Ruwan ma gishiri kaɗai ba ya tsabtace shi. A yi wanka da sabulu kafin a shiga, a tace shi bayan kowane mutum.

Ɗalibi, Kongo

Ni gaskiya bai karɓe ni ba. Na shiga na abokina sau biyu. Duhun ba ya damuna, amma injin markaɗen maƙwabtansu ta ƙasa yake biyowa, kana jin sa a ƙashin bayanka ko ka toshe kunne. Na biyun kuma na riƙa ganin wasu launuka suna wulgawa, gabana ya faɗi, na ture murfin.

Injiniya, Hanwa

Ƙanina, launukan ba wani abu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro su in ido ya rasa abin kallo. Ka bar murfin a buɗe rabi har ka saba. Girgizar kuwa, ka ce wa abokinka ya ɗora tankin a kan tsofaffin tayoyi da faffaɗan katako a sama, ya kuma janye shi daga jikin bango. Ni ma janaretan maƙwabci ne ya koya mini. Nawa bayan sallar asuba nake shiga, kafin gari ya tashi.

Baban Yara, Samaru

Na gode ƙwarai, jama'a. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Sabon Gari neman soson da bututu. Maman Biyu, na karanta wa Hajiya saƙonki, ta ce sai ta tsefe kanta ranar Asabar za ta gwada.