Shin dole ne injin tankin kifi ya juya ruwa sau goma a awa?

Mai tambaya daga Samaru: Assalamu alaikum. Ina haɗa tankin gilashi na kifin ado mai cin lita 300, tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, da ƙaramin tankin tace ruwa a ƙarƙashinsa. Wani mai shago ya ce dole in sayi injin da ake nutsarwa a ruwa wanda zai juya ruwan sau goma a awa, wato lita 3,000, in ba haka ba kifin ba za su yi lafiya ba. Ina neman shawarar manya.

Mai kiwon kifi daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ni ina tare da mai shagon, domin ruwan da ba ya motsi sosai ƙazanta ke taruwa a ƙasansa, iskar da kifi ke shaƙa kuma ta yi ƙaranci. Gara inji ya fi ƙarfin aikin da a ce aikin ya fi ƙarfinsa.

Mai aikin famfo daga Sabon Gari: Malam, ka yi haƙuri, amma an haɗa ayyuka biyu wuri guda. Aikin wannan inji shi ne ya mayar da ruwan da aka tace zuwa sama, kuma sau uku zuwa biyar a awa ya wadatar, wato lita 900 zuwa 1,500. Motsa ruwa a cikin tankin kuwa aikin ƙaramin inji ne dabam da ake maƙalawa a jikin gilashi. Sannan bututun da ke sauko da ruwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan inji ya tura fiye da haka, tankin sama zai cika ya tumbatsa a kan kafet, na ƙasa kuma ya ƙafe.

Mai kiwon kifi daga Tudun Wada: To amma Injiniya, ai lambar lita a awa da ke jikin kwalin injin ba ita ake samu ba.

Mai aikin famfo daga Sabon Gari: Nan kam ka yi gaskiya. Ana auna wannan lamba ne ba tare da inji ya ɗaga ruwa sama ko kaɗan ba. Da zarar ya hau da shi mita ɗaya da 'yan kai, ya kuma bi ta gwiwoyin bututu biyu ko uku, ƙarfinsa zai ragu ƙwarai, saboda haka a duba jadawalin kamfani da ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi. Idan ya yi yawa a rage shi da bawul a bututun fita, kada a taɓa shaƙe masa mashigar ruwa.

Wata malama daga Kongo: 'Yan'uwa, kun manta da zafin garin da muke zaune, wato Zariya. Injin da ke cikin ruwa, duk wutar da ya ci zafi take zama a cikin ruwan, kuma a bazara, tsakanin Maris da Afrilu, babban inji ƙarin wahala ne ga kifi. Da hunturu kuma ruwa na saurin ƙafewa, raguwar kuwa a sashen da injin yake take bayyana, har ya fara jan iska yana ƙara. Ga ɗauke wuta: idan inji ya tsaya, ruwan tankin sama zai ci gaba da gangarowa tankin ƙasa na ɗan lokaci; a tanki irin na mai tambaya, kowane santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 6 ne, don haka saukar santimita uku lita 18 ke nan za su gangaro ƙasa. Dole a bar musu wuri a tankin ƙasa, a kuma huda ƙaramin rami a bututun mayarwa dab da saman ruwa don ya hana shi zuƙo ruwa baya.

Mai kiwon kifi daga Tudun Wada: Malama, na karɓi maganar zafi, amma har yanzu ina ganin ya sayi babba irin na DC, wato mai aiki da lantarki irin na batir, wanda ake rage wa gudu, tunda inbata ma za ta iya ɗaukarsa.

Mai tambaya daga Samaru: Na gode ƙwarai. Zan fara auna faɗin bututun saukar ruwa da tsayin teburin kafin in koma shagon.