Waƙar baka a kan takarda: me ya rage idan aka cire kiɗan?

Ɗalibar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen harsunan Nijeriya na wata jami'a, kuma a wannan zangon muna ɗaukar darasin nazarin waƙar baka. Aikin da aka ba kowannenmu shi ne ya zaɓi waƙa ɗaya, ya saurare ta, ya rubuta ta kalma bayan kalma, sannan ya fitar da turkenta, wato babban saƙonta, da tubalan da aka gina turken da su da kuma salon sarrafa harshen da ke cikinta. Ni na ɗauki wata waƙar fada ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, domin tun ina ƙarama nake jin muryarsa a gidanmu.

Da na kammala rubutun na karanta shi, sai na tarar waƙar ta rabu gida biyu. Wasu ɗiyan, wato baitocinta, sun tsaya da ƙafarsu a kan takarda, azancinsu da habaicinsu suna nan daram, har ma na fi gane su yanzu. Wasu kuwa, waɗanda suke sa tsigar jikina ta tashi idan ina sauraro, sun koma magana ta yau da kullum, ga gindin waƙar, wato amshin da ake maimaitawa, yana ta dawowa shafi bayan shafi har mai karatu ya gaji. Tun da muka fara darasin ba a taɓa shigo da kotso, gangar makaɗan fada, ko kalangu ajin ba, kuma makin jarrabawa duka a kan kalmomi yake.

Tambayata ga malamai da masu sanin harkar ita ce, shin abin da muke nazari a aji shi ne waƙar, ko kuwa rabinta ne? Kuma idan takarda ce ma'auninmu, anya muna yi wa mawaƙan situdiyo na yau adalci sa'ad da muke rubuta baitocinsu mu ce babu komai a ciki, alhali ko waƙar manya ma tana ramewa idan aka raba ta da kiɗanta?

Tsohon Malamin Hausa ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki tana kan hanya, amma kada ki raina aikin da aka sa ki. Mutane da yawa sun shekara talatin suna jin waƙar Narambaɗa ko ta Musa Ɗanƙwairo suna gyaɗa kai, amma da za ki tsayar da su ki ce su faɗi abin da aka ce a ɗa na uku, sai ki ji sun kawo wata magana dabam wadda makaɗin bai taɓa faɗa ba. Rubutawa ita ce take tilasta wa kunne ya ji kowace gaɓa, kuma ba a iya yin hukunci a kan abin da ba a ji daidai ba.

Ina zaton ramar da kika gani ta samo asali ne daga yadda kika rubuta waƙar. Tsarin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa don nazarin waƙar baka bai tsaya ga kalmomi kaɗai ba, yana neman mai nazari ya faɗi wanda aka yi wa waƙar, da dalilin yin ta, da kayan kiɗan da aka yi amfani da su, da yadda jagora da 'yan amshi suka raba aikin rerawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a waƙar da kika zaɓa. A ƙungiyar Mamman Shata, galibi 'yan amshi gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma ya zuba ɗiya yadda ya ga dama. A wajen makaɗan fada na ƙasar Gobir da Zamfara kuwa, jagora yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci ma su ƙara nasu a kai. Idan kika jera saɗarun, wato layukan waƙar, ba tare da nuna inda bakin jagora ya tsaya da inda na yaransa ya kama ba, kin shafe abin da ya sa wurin yake da daɗi, domin daɗin yana cikin miƙawar da cafewar.

Abu na biyu, ki bar masa Hausarsa. Ɗalibai da yawa sukan mayar da "sunka" ta koma "suka", su mayar da "shina" ta koma "yana", wai suna gyara zuwa daidaitacciyar Hausa. Gaɓar farko ta "sunka" mai nauyi ce, ta "suka" kuwa marar nauyi ce, saboda haka wanda ya yi wannan gyara ya taɓa awon saɗarar tun kafin ya fara nazari.

Jikan Mai Kalangu ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarka, amma ina ganin ko an bi duk ƙa'idojin da ka lissafa akwai abin da alƙalami ba zai kama ba. Kakana makaɗin mahauta ne, a gabansa na tashi, kuma shi bai taɓa ɗaukar kalangu a matsayin abin raka waƙa ba. A wurinsa kalangu baki ne na biyu.

Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san yadda abin yake. Icen yana da siririn ƙugu, an rufe bakinsa biyu da fata, an haɗa fatun da tsarkiya ta kowane gefe. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, idan ya matse tsarkiyar fata ta ɗaure sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka, yana yi yana bugawa da lanƙwasasshen ɗan sandansa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, don haka hannun da ya ƙware yana iya bin hawa da saukar jimla har wanda ya san taken ya ji sunansa da na ubansa ba tare da an buɗe baki ba. Na sha ganin mahauci yana tsakiyar fiɗa, ya ji takensa daga bakin kasuwa, ya ajiye wuƙa ya sa hannu a aljihu. Haka ɗan dambe yake zabura ya shiga fage da jin takensa tun mawaƙi bai furta komai ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, wato ainihin abubuwa biyun da ganga take kwaikwayo su ne takarda take zubarwa.

Sannan shi kansa kayan kiɗan labari ne. Kotso da taushi da jauje na sarauta ne, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da 'yan bori, ƙwarya kuma ta mata, irin wadda Barmani Choge ta shahara da ita a kiɗan amada. Wanda ya ji kotso ya riga ya san a fada yake, ya kuma san irin maganar da ta halatta a wurin da wadda sai dai a lulluɓe ta da habaici.

Game da gindin waƙar da ƙanwata ta ce yana gundurar mai karatu, ai ba don mai karatu aka yi shi ba. A lokacin da 'yan amshi suke maimaita shi ne jagora yake numfasawa yana ɗinka ɗan da zai biyo baya, a lokacin ne sanƙira, wato maroƙin ƙungiyar, yake kutsowa da kirari yana sanar da kyautar da aka yi, a lokacin ne kuma mai rawa yake samun fili. Shawarata ga ajinku ita ce ku haɗa kuɗi ku gayyato makaɗi ɗaya ya zo da kayansa, ku roƙe shi ya buga take ya bar ku ku cinka abin da ya ce.

Mai Haɗa Sauti ya amsa:

Ni sana'ata haɗa kiɗa a situdiyo, don haka bari in taɓa ɓangare na biyu na tambayar. A wurinmu tsarin aikin a juye yake. Mawaƙi yakan zo da karin murya a bakinsa, wani lokaci ko kalma ɗaya bai tanada ba, ya rera mini shi da "la la la", ni kuma in nemo shi a kan fiyano in ɗora ganguna a kwamfuta. Bayan kiɗan ya zauna sai ya koma gefe da wayarsa yana rubuta baitocin da za su shiga ramukan da kiɗan ya bari. Daga nan a ɗauki muryarsa baiti baiti, a ɗauki ta mai amshi dabam, a gyara inda murya ta kauce, a haɗe.

Wannan tsari yana da illa ga harshe, ba zan ɓoye ba. Tunda karin ya riga kalmomi zuwa, kalmar ce take rusuna masa, shi ya sa za ki ji an ja wasalin da gajere ne, ko an ɗaga gaɓar da a magana ƙasa take, musamman a waƙoƙin soyayya da aka gina a kan karin waƙoƙin Indiya. Kuma amsa-amo yana jan mawaƙi da hanci, ya kawo kalmar da ba ta da aiki a baitin don kawai ƙarshenta ya dace.

Sai dai akwai abin da ya kamata ajinku ya lura da shi. Shata yakan rera Bakandamiyarsa yau, gobe ya sake rera ta a wani taro da ɗiyan da babu su jiya, saboda haka duk wanda ya rubuta ta zama ɗaya kawai ya kama. Waƙar situdiyo kuwa sau ɗaya ake yin ta, ta daskare, ko a wajen biki ma mawaƙin faifan yake sakawa yana bin sa. Ta wannan fuska ta fi kusa da rubutacciyar waƙa, don haka ni ban ga zalunci ba idan an auna baitocinta a kan takarda, tunda a rubuce aka haife su. Inda zaluncin yake shi ne a ɗauko gwanayen da suka rage bayan zamani ya tace na baya, a gwama su da duk abin da ya fito a makon jiya. A zamanin garmaho ma an yi waƙoƙin da ba su da kan gado, ba su dai samu mai adana su ba.

Uwar Marubuta ta amsa:

'Yata, ina so in ja hankalinki ga wani abu da masu amsa na sama suka tsallake, domin duk sun sa ganga a gefe ɗaya, takarda a ɗaya gefen. Rubutacciyar waƙar Hausa ba ta da ganga, amma tun asali ba don a karanta da ido aka yi ta ba. Waƙoƙin Nana Asma'u da baki jajoji, wato malamai mata masu yawon karantarwa, suka kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyar 'yan taru a ƙarni na 19. Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, ta shiga gidaje ta bakin masu bara da suka haddace ta. Abin da yake riƙe irin waɗannan waƙoƙi shi ne jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, wanda malamai suka auna da ma'aunin aruli na Larabawa. Wato ko a inda babu makaɗi, akwai bugu a cikin kalmomin kansu.

Don haka ban yarda cewa nazarin kalmomi rabin aiki ne ba, sai dai idan ma'ana kaɗai aka nema aka bar awo. Ki koma kan ɗiyan nan da kika ce sun rame, ki sa alama a kan kowace gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, sannan ki kunna waƙar kina tafi a hankali, ki ga inda tafinki yake sauka. Za ki iya tarar da cewa a nan ne makaɗin ya fi nuna gwaninta, ya zuba gaɓoɓi da yawa cikin bugu kaɗan ko ya riƙe guda ɗaya har amshi ya iso.

Ɗalibar Aji Uku ta sake rubutawa:

Na gode, iyayena da yayyena. Na fara sake rubutun, na ware bakin jagora da na 'yan amshi, na kuma mayar da kalmomin Gobiranci yadda aka furta su. Maganar gayyato makaɗi zan kai wa wakilin ajinmu, ko da yake ina hasashen samun mai kotso zai fi samun mai kalangu wuya a garin da muke. Saura abu ɗaya: akwai wurare da kotson yake yin magana shi kaɗai na ɗan lokaci kafin jagora ya dawo, ta yaya zan nuna wannan a cikin matanin?

Tsohon Malamin Hausa ya sake amsawa:

Ki bar layi guda a daidai wurin, ki rubuta cewa kiɗa ne zalla, ki sa mintin da ya fara da wanda ya ƙare a faifan da kika yi aiki da shi, ki kuma faɗi inda kika samo faifan, tunda wani kwafin ya fi wani tsawo. Idan kin samu dattijo daga Isa ko Shinkafi wanda zai iya gaya miki abin da kotson yake faɗa a wurin, ki rubuta fassararsa a ƙasan shafi da sunan garinsa da ranar da kuka yi hirar, kada ki cusa ta cikin saɗarun waƙar.