Shagona yana fitowa a Google a Maiduguri, amma a Abuja ba a ganin sa

Mai Turaren Wuta:
Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra a Maiduguri, kusa da Monday Market. Wani yaro ya sa min shagon a Google Maps, na biya shi. Idan na rubuta "turaren wuta" a wayata, ni ce ta biyu. Ƙanwata da ke aure a Kubwa, Abuja, ta rubuta haka, ta duba har ƙasa ba ta gan ni ba. Abin ya dame ni, domin manyan masu sayena 'yan Abuja ne, ta mota nake aika musu. Cutata yaron ya yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bai cuce ki ba. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa kafin ya jera shaguna a taswira: dacewar shagon da abin da aka nema, nisansa da mai neman, da kuma yadda aka san shi. Ke kina zaune cikin shagon kike bincike, dole ki ga kanki a sama. Ƙanwarki kuwa akwai tafiyar sama da kilomita 800 tsakaninku, masu turaren Wuse da Gwarinpa za a fara nuna mata.

Tun 2017 ma Google ya daina la'akari da ko google.com.ng mutum ya buɗe ko na wata ƙasa, inda wayar take yake bi. Ki ce ta gangara can ƙasan shafin, za ta ga garin da ya ɗauka tana ciki. Wani lokaci in an kashe location (abin da ke nuna inda mutum yake) a waya sai ya bi layin intanet, kana Kano ya ce kana Legas.

Ɗan Farm Centre:
Hajiya ki sa adireshin gidan ƙanwar taki a matsayin reshe mana, shi ke nan.

Injiniya:
A'a malam, kar ka kai ta ka baro. Ni na taɓa yi wa wani wannan dabarar, aka ce mu ɗauki bidiyon allon shago da kayan da ke ciki, babu. Aka dakatar da shafin, muka yi makonni muna roƙo.

Hajiya, kasancewarki a Maiduguri ita ce jarinki. Matar Abuja da ta san turare ba "turaren wuta" kawai take rubutawa ba, "turaren Maiduguri" ko "humrar Barno" take nema, kuma da zarar an ambaci sunan gari, Google can yake leƙawa. Ki rubuta a bayanin shagon cewa kina aikawa Abuja da Kaduna, ki sa hotunan kwalaben da sunan kowanne, gabgab ne ko sandal. Duk wadda ta karɓi saƙo ki roƙe ta ta rubuta ra'ayinta a shafin shagon na Google. Amma kar ki cusa waɗannan kalmomi cikin sunan shagon, shi ma yana jawo dakatarwa.

Mai Turaren Wuta:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ƙanwata ta gwada "turaren Maiduguri" yanzu, ta gan ni. Akwai mata uku da zan aika wa kaya ranar Alhamis, da su zan fara. Ra'ayin da Hausa za su rubuta ko sai da Turanci?

Injiniya:
Da Hausa ma ya yi, Hajiya.